Saboda Mai Karatu Ɗaya

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi inda muka tashi ya san abin da ke cikin wannan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin babana ba. In yana nemana sai ya tambayi Inna, "Ina yarinyar nan?" In na yi laifi ita yake gaya wa ta gaya mini, ko da ina zaune a gabansa. In na yi abin kirki kuwa ba ya gaya wa kowa. Kara ce irin wadda ake yi wa ɗan fari, haka ya tarar iyayensa suna yi, haka shi ma ya yi. Inna ma da haka ta fara, amma ita zaman birni da tsufa sun sassauta mata, har takan zauna mu yi hira, tana kirana Yaya kamar yadda ƙannena suke kirana. Shi kuwa Baba ko gezau. Na san ba ƙiyayya ba ce, amma sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba.

Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mushe kamar yadda ake ce musu, ya yi ƙuruciyarsa duka a ƙauyukan jihar Maradi kafin a dawo da shi Yamai, inda ya yi ritaya ya zauna a unguwar Bukoki. A ƙauyen da na shiga lakwal malamai biyu ne kacal, shi da wani dogon mushe ɗan Damagaram, don haka ba makawa sai da na faɗa ajinsa. In yana kiran suna da safe ya zo kan nawa, sai ya ɗan yi tari, ya ɗaga kai ya ga ina nan, ya wuce na gaba. Littafin rubutun kowa, kaye, yakan dawo cike da jan biro. Nawa kuwa sai ya ware shi ya aika wa ɗaya mushen ya duba. Mutumin da ya koya wa yaran da ba sa ƙirguwa karatu bai taɓa sa hannu a rubutuna ba.

Yanzu ni ma malama ce, ina koyar da tarihi a wani lise, babbar sakandare ke nan, muna zaune da maigidana da yaranmu kusa da kasuwar Wadata. Rubutu da girma ya zo mini. Muna da zaure a waya na waɗanda muka yi lakwal tare, sai na riƙa jefa 'yan labaran ƙauye a ciki. Mutane su karanta su yi dariya, kafin yamma gaisuwa da bidiyon wa'azi da tallan turaren wuta sun binne labarin. Autarmu ce ta ce wannan asara ce. Ita kwamfuta ta karanta a jami'a, tana aiki a wani ƙaramin ofis a unguwar Lamorde, ƙetaren kogi, inda suke gina wa mutane shafukan intanet, kuma har yanzu a gidan Bukoki take. Ta ce in buɗe bulog, shafi nawa na kaina, inda abin da na rubuta zai zauna ba mai tura shi ƙasa.

Na yarda da sauri har ta yi mamaki. Abin da ban gaya mata ba shi ne, akwai mutum ɗaya da nake so ya karanta. Takarda ba zan iya miƙa masa ba, shi ma ba zai iya karɓa daga hannuna ba. Amma shafi na kowa ne. Yana iya buɗewa kamar yadda kowane ɗan Yamai zai buɗe, ba wanda zai ce ya kula 'yar fari. Na haura arba'in, ina da 'ya'ya masu shirin shiga jami'a, amma so nake babana ya duba kayena ko da sau ɗaya ne.

Labarin da na fara rubutawa na ranar da ruwa ya kayar da ajinmu ne, shekarar da na shiga lakwal. Azuzuwa biyu ne na zana, kusa da juna, a gindin wata tsamiya a gefen gari, tsakaninsu da gidaje akwai kwari da ke cika in an yi ruwa. Ranar nan da zazzaɓi na je, ba na ma tuna me aka koyar. Hadari ya taso da hantsi, iska ta yaye rufin, yara suka watse kowa ya nufi gida. Ni na kasa gudu, na duƙa a gindin tabulo, wato baƙin allon aji, ina kuka. Sai wani ya lulluɓe ni da buhu har kai, ya saɓa ni a kafaɗa, ya ratsa kwarin da ni, ya dire ni a zauren gidanmu ya juya. Ban ga fuskarsa ba, ban ji muryarsa ba. Na tashi da sanin cewa dogon mushen ne, tunda shi ke kula da al'amurana a lakwal. Haka na rubuta, har na rufe da yi masa addu'a, don ya daɗe da rasuwa.

Wata Asabar da hantsi na hau taksi na tsallake gada, na sami auta a ofishinsu. Ɗaki ne mai sanyi, labule a sake, ga kwamfuta mai fuska kamar talabijin.

"Yaya, kahin komi sai mun zaɓi tem," in ji ta.

"Mi ne ne kuma tem?"

"Rigar shafin. Rubutun naki ne, amma kala, da irin baƙaƙe, da inda hoto ka zama, duk tem ka yanke su. An ɗinka su tuni, zaɓe kawai za ki yi."

Ta buɗe mini su. Na daɗe da sanin wahalar zaɓen atamfa a Wadata, amma can mai shago yakan gaji ya ce ya ƙare. Nan ba ya ƙarewa. Akwai na masu sayar da takalma, akwai na masu abinci, akwai na 'yan jarida da aka cusa wa layi uku, kowanne da hotunan mutanen wata ƙasa suna washe haƙora. Na ce duk ɗaya ne, ta zaɓa mini kawai in tafi, na bar girki. Ta ce sam, shafi in ya yi muni ba mai tsayawa a kansa, ko da abin da ke ciki zuma ne. Muka yi ta sama da ƙasa har aka kira azahar.

Wanda muka tsaya a kansa yana da manyan hotuna a sama masu sauyawa da kansu. Ƙasan shafin launin rairayi ne, rubutun siriri launin toka, a bayansa kuma akwai inuwar wani itace. Gaskiya ya yi kyau. A wannan ɗakin, a wannan babbar fuskar, ban taɓa ganin wani abu nawa ya yi kyau haka ba. Auta ta duba a wayarta, sabuwa mai haske, ta ce daidai. Na koma gida ina jin kaina.

Ita ta kai wa Baba. Tsakaninta da shi ba shamaki, takan zauna a hannun kujerarsa, ta ɗauki hularsa ta gwada, ta ce masa tsoho ya ce mata mara kunya. Ta sa masa shafin a portabul ɗinsa, wato wayar hannu, ta yi masa alama yadda taɓawa ɗaya zai buɗe. Da yamma na kira ta.

"Mi ya ce?"

"Ya riƙe, ya duba, ya ce to madalla, ya aje."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Mi kika so ya ce? Kin dai san shi da ke."

Na san shi da ni. Amma na kuma san Baba ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Mai karanta labarai a rediyo in ya karkata sunan wani gari, sai ya gyara masa daga kan kujera. Ya taɓa tsayar da taksi ya sauka don ya nuna wa wani tela cewa allon shagonsa ba daidai yake ba. Katin gayyatar biki ma ba ya tsira. Don haka na ce a raina, in dai ya karanta, ko ta bakin Inna sai wani gyara ya iso ni. Ba yabo nake jira ba, na san ba zan samu ba. Jan biro nake jira.

Damina ta zo ta wuce. Na rubuta labarin rijiyar garin, na rubuta na keken dogon mushe, na rubuta na ranar da mai duba makarantu ya zo muka kwana biyu muna share fili. Masu karatu suka fara taruwa, tsoffin 'yan ajinmu da ƙannensu, da wasu da ban sani ba daga Tawa da Agadas har da Kano. Kowace Lahadi nakan je Bukoki, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, ya tambayi mutanen gida, in tashi in shige wajen Inna. Gyara bai zo ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na gaya wa maigidana cewa kara ma tana da iyaka, mutumin da ke gyara katin bikin 'yar maƙwabta ya kasa gyara wa 'yarsa layi ɗaya. Ya ce wataƙila bai karanta ba ne. Na ce ai wannan ya fi muni, ya tashi ya ba ni wuri. Har na yi niyyar rufe shafin, sai kuma na ce don me, ai akwai masu so.

A cikin wannan lokacin ne Baba ya daina sayen jarida. Ya ce ƙarya ta yi musu yawa, muka yi dariya muka ce gaskiya ne. Ya koma wa rediyo gaba ɗaya. Alƙur'ani kuwa ya koma karanta abin da ya haddace, ya ce ya fi lada a tsare hadda. Dalilansa duka masu kyau ne, ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Wata Laraba aka tashe mu da wuri a lise, na biya kasuwa na sayi zogale in kai wa Inna, don tana son kwaɗonsa. Bayan azahar ne, rana ta take. Ƙofar gidan a buɗe na same ta, mai ga-ruwa ya fito ke nan da kurarsa. Na yi sallama, injin niƙan maƙwabta ya haɗiye ta. Baba yana gindin itacen bedi a kujerarsa, ya ba ƙofa baya.

Wayar tana hannunsa, ta kusa taɓa hancinsa, tabarau ya ture shi goshi. Daga inda nake tsaye na gane launin rairayin nan. Ya sauke tabarau, ya nesanta wayar, ya sake matso da ita. Ya kare ta da tafin hannu daga haske. Ya sa yatsu biyu yana ƙoƙarin buɗa rubutun kamar yadda aka koya masa a kan hoto, shafin ya ƙi. Hoton sama ya sauya da kansa, rubutun ya yi tsalle, ya rasa inda yake. Sai ya karkata kai gefe, yana leƙen wayar da wutsiyar idon hagu. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba, ledar zogale a hannuna.

Na ja da baya na fita. Na buga ƙofar ƙarfen da ƙarfi, na ɗaga murya na yi sallama. Kafin in shigo waya ta koma aljihu, rediyo yana magana. Na gaishe shi ya amsa kamar kullum.

Inna tana bayan ɗaki tana wanke tukunya. Na zauna kusa da ita na fara tsinke zogalen.

"Inna, tun yaushe?"

Ba ta tambaye ni me nake nufi ba.

"Tun randa anka sa mishi. Kullum bayan azahar. Ya ɗauka ya aje, ya ɗauka ya aje."

"Idon ne?"

"Idon ne. Ya hana ni hwaɗi, ki riƙe bakinki."

"To mi ya hana ya ce auta ta karanta mishi?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Mushe guda, a karanta mishi? Kuma abin wa? Ya buɗe baki ya ce a karanta mini abin da waccan ta rubuta? Ni da na yi boko da na karanta mishi cikin ɗaki ba wanda ya ji. Ban yi ba."

Na ji tausayinsa har idona ya cika. Na ji haushinsa kuma, haushi sosai, mutum yana rasa ido yana ɓoyewa kamar wanda ya yi sata. Ƙarƙashin duka biyun akwai wani abu da na ji kunyar jinsa a irin wannan rana, wato daɗi. Watanni ina cewa bai kula ba, ashe kullum yana gindin bedi yana fama da shafina.

Maganar asibiti auta na bar wa, ita ce mai bakin yi. Washegari ta miƙa masa kwalbar magani ta ce ya karanta mata, ya kasa, ta ɗora hannu a ka ta tara masa gida, ba tare da sunan Inna ya fito ba. Ta kai shi wajen likitan ido yana faɗa tana faɗa. Likita ya ce idon dama ya kusa tafiya kuma ba ya dawowa. Na hagu akwai saura, za a riƙa ɗiga magani kullum a tsare abin da ya rage, iya tsawon da Allah ya nufa. Da na ji haka na san ba ni da lokacin ɓatawa.

Na gaya wa auta a canza tem. Ta tsaya kare kayanta.

"Yaya, tem ɗin ba ya da laihi. Na zamani ne, kowa na yaba shi."

"Mi ya sa ba ya buɗuwa in an sa yatsa?"

"Sun kulle shi ne, don kar tsarin ya wargaje."

"To kyan ɗan maciji ke nan. A cire."

Cirewa mai sauƙi ce. Wahalar ita ce me za a sa, tunda wanda ake yi dominsa ba a iya tambayarsa. In ya gane saboda shi ake canzawa, zai daina buɗewa gaba ɗaya, mun san halinsa. Sai Inna ta zama idonmu. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ta san mijinta. Muka ce ta riƙa lura da shi bayan azahar, ta kira ni in ya tafi masallaci.

Na farko da muka gwada fari ne tas, rubutu baƙi manya, ba hoto. Ni da auta muka ce an gama. Inna ta kira.

"Ya ɗan daɗe yau. Amma hasken na sa mishi hawaye, sai goge ido yake da hannun riga. Ya ce wayar ta lalace."

Na biyu mai launin ƙwai ne, bai da haske sosai, amma yana da wasu maɓallai a gefe da auta ta ce dole ne, don mutane su riƙa tura labari ga abokansu. Bayan kwana biyu Inna ta ce yatsansa na taɓa wani abu, komai ya ɓace masa, ya yi tsaki ya ajiye. Masu karatu kuma suka fara tambaya me ke damun shafin, kullum da sabuwar riga kamar amarya.

Ina gaban aji ina rubutu a tabulo na tuna wata al'adar Baba. In ya gama rubutu ba ya cewa a kwafa. Sai ya ajiye alli, ya taka har bencin ƙarshe, ya ɗaga yaron da ke wurin ya zauna a mazauninsa, ya duƙa daidai tsawon yaron ya dubi tabulo. Sau da yawa yakan dawo ya goge duka ya sake da manyan baƙaƙe. Mu muna ganin ɓata lokaci ne. Ni da auta kuwa a bencin gaba muka zauna muka zaɓi tem, cikin sanyi, a fuskar da ta kai talabijin.

Na nemo tsohuwar wayar maigidana, irin ta Baba, fuskarta duk ta karce. Ranar Asabar bayan azahar na fitar da kujera tsakar gidanmu, wurin da inuwa ke haɗuwa da rana kamar gindin bedinsa. Na rufe idon dama da hannu, na kanne na hagu sai ɗan kaɗan. Auta tana Lamorde tana sauya tem, ni ina duba ina ce mata wuce. Maƙwabciyata Bazabarma ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya, na ce lafiya lau, aiki nake. Ta daɗe tana kallona kafin ta sauka.

Masu kyan duka sun faɗi. Wanda ya tsaya shi ne wanda auta ta sa don ta tsokane ni, wani tsohon tem da ba mai ɗauka. Ƙasansa baƙi ƙirin, rubutu fari mai kauri, layi ɗaya daga sama har ƙasa, ba hoto, ba maɓalli, ba abin da ke motsi, kuma in ka sa yatsu yana buɗuwa yadda kake so. Da rabin ido ɗaya na karanta sakin layi guda ban tsaya ba. Sai da na daɗe ina kallonsa na gane abin da ya sa ya kwanta mini, tabulo ne da alli.

"Wanga," na ce mata.

"Yaya, wasa nike! Wanga ai kamar an ɗauke kuran, gari ba wuta."

"Shi nika so."

"Don Allah kar ki hwaɗa ma kowa ni na yi miki. Aikina za ki kashe."

Ta sa shi tana gunaguni. Masu karatu ba su ji daɗi ba. Wata 'yar ajinmu ta kira ta tambaya ko shafin ya lalace ne, wani ya rubuta cewa in kuɗin gyara ne babu a yi karo-karo. Auta ta ce masu shiga sun ragu, ta nuna mini a kwamfuta don in ji ciwo. Na ce wanda ya tafi Allah ya kiyaye hanya.

Kwana biyu Inna ba ta kira ba. A na uku wayata ta yi ƙara ina tsakiyar darasi, na fita baranda na ɗauka.

"Leɓensa na motsi," in ji ta a hankali. "Tun azahar yana nan. Sai da na ce mishi an kira la'asar."

Na jingina da bango na ce alhamdu lillahi. Ta ce a hankali yake tafiya, layi ɗaya sai ya huta, ya ɗiga magani ya koma. Daga labarin farko ya faro. Na koma aji na ƙarasa darasin, ban san me na koyar ba.

Lahadin da ta biyo na je Bukoki kamar kullum. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon katanga, ya tambayi mutanen gida. Na yunƙura zan tashi sai ya rage muryar rediyo, abin da bai saba yi ba.

"Hajiya!"

Inna ta fito da ludayi a hannu.

"Ki hwaɗa ma masu rubutun nan akwai gyara."

Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, amma Inna ta juyo gare ni ta ce, "Kin ji, an ce akwai gyara."

Na koma na durƙusa.

"Na ɗaya," in ji shi, yana kallon Inna, "iccen bakin lakwal ɗin ba tsamiya ba ce. Gawo ne, shi ya sa da damina ba ya da ganyen da za a hwake. Tsamiya tana bakin rijiya."

"Gawo ne," in ji Inna.

"Na biyu, randa ruwa ya ka da aji. An rubuta mushe ɗan Damagaram ne ya ɗauko yarinyar. Allah ya jiƙan shi, mutumen kirki ne, amma ranan ba ya gari. Ya tahi Maradi, matarsa na asibiti. Malami guda ne a lakwal ranan, shi ya riƙe aji biyu." Ya gyara zaman tabarau. "Mai koyar da tarihi ba ya rubutu da zato."

Wannan karon Inna ba ta maimaita ba. Ta tsaya tana kallon ludayinta.

Na kasa ɗaga kai. Ina kallon ƙafafunsa cikin silifa, ina jin buhun nan a fuskata da kafaɗar da na kwanta a kai. Kuka ya taso mini na danne shi, don in na yi a gabansa na ɓata masa duk abin da ya tsare shekara da shekaru. Sai na ce, "Inna, ki ce an ji. Za a gyara."

"An ce an ji, za a gyara."

"To," in ji shi. Ya kai hannu ga rediyo, sai ya tsaya. "Kuma in da hali a ƙara ma baƙaƙen girma kaɗan. Akwai tsohi cikin masu karatu."

Ya ƙara muryar rediyo. Na tashi na bi Inna bayan ɗaki.

"Kin sani, Inna?"

"Ni na amshe ki a zaure. Ruwa ya kai mishi ƙirji, takalminsa guda ya tahi. Ya aje ki ya koma neman sauran yara."

"Ba ki taɓa hwaɗa mini ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba. Miƙo mini gishirin can."

Na miƙa mata. Ranar ban zauna cin abinci ba, na hau taksi na koma Wadata, na buɗe labarin farko tun kafin in cire mayafi. Na mayar da tsamiya gawo. Addu'ar dogon mushe na bar ta inda take, ya cancanta, shi ya duba kayena shekaru. Da na zo kan wanda ya ɗauko ni na daɗe yatsana a sama. Ban sa suna ba, ban rubuta Baba ba, na san zai dawo ya duba ko an gyara. Na rubuta yadda ya faɗa, cewa malami guda ne a lakwal ranar, kuma ruwa ya tafi da takalminsa ɗaya.

Sannan na kira auta na ce ta ƙara wa baƙaƙen girma.